Yarona ya zana Gandoki da matsattsen wando, wane littafi zan ba shi?

Baban Habibu, Agege

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, amma sai kun yi haƙuri na ɗan ja ta kafin ku gane inda abin ya taɓa ni.

Ni tela ne, ɗinkin manyan riguna da aikin wuya nake yi a nan Agege. Shekarata 19 da barin Kwantagora. Ɗana na biyu, Habibu, shekararsa 11, a nan aka yanke masa cibiya. Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, buroka kuwa ba a magana. Hausa yana ji sarai, yana kuma mayarwa, amma ka miƙa masa takarda ka ce karanta, sai ya yi ta tuntuɓe. Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne littattafan nan na zane, waɗanda ake raba shafi gida-gida, kowane gida da hotonsa, magana tana fitowa daga bakin mutum a cikin ɗan zagaye. Suna musaya da abokansa a makaranta, wasu kuma kawunsa ke sayo masa na gwanjo a ƙarƙashin gadar Ojuelegba. Duka da Turanci. Kwalin da muke zarewa daga cikin shadda ba ya kwana a shago, shi ke kwashewa ya zane shi da allina.

Watan jiya aka ɗauke wuta da dare, janareta ba mai, zafi ya hana kowa barci. Na buɗe akwati na ɗauko tsohon Gandoki nawa wanda bangonsa ya daɗe da cirewa, na haska fitilar waya na fara karanta musu a tsakar ɗaki. Na zaɓe shi ne da gangan. Malam Bello Kagara ya rubuta shi don gasar da aka yi a Zariya a 1933, kuma labarin daga wajenmu ya taso, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, wanda Turawa suka ci garinsa a 1901. Kakata ta sha ba mu labarin gudun da aka yi a lokacin, yadda ita ma ta ji daga tata uwar. Ina so yaron ya san garin ubansa yana cikin littafi.

Sauran yaran suka yi barci, shi ko ya ƙi. Dare uku muka yi a kai. Tun daga faɗan da aka yi da Nasara, har Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a 1903, har inda labarin ya bar tarihi ya faɗa ƙasashen aljanu tare da ɗansa Garba Gagare. Sai dai ba na layi biyar bai tsayar da ni ba. Baba mene ne lifidi? Mene ne kwalkwali? Barde mutum ne ko dabba? Ina ta kwatance da hannu a cikin duhu.

Rana ta huɗu ya same ni a kan keke ya ajiye min kwali, ya ce ga Gandoki. Jama'a, zanen ya yi kyau, ba don ɗana ne ba. Amma Gandokin nan matsattsen wando ne a jikinsa, ƙirji a bubbuɗe, wani mayafi yana tashi a bayansa, an rufe masa ido da ƙyalle. Dokin irin ramammun nan ne da ake hawa a bakin teku a ɗauki hoto, ba sirdin kirki ba likkafa. Garin da ke bayansa kuwa dogayen benaye ne kamar Marina. Na yaba masa, ya tafi yana murna, ni kuma na kasa ci gaba da ɗinkin. Ba laifinsa ba ne. Rabonsa da gida tun yana ɗan shekara 5. Bai taɓa ganin ganuwa ba, bai taɓa tsayawa a hawan salla ba. Na ba shi kalmomi, ya je ya nemo musu hoto a cikin abin da idonsa ya sani.

To ga abin da nake nema. Akwai littafin Hausa da aka yi shi da zane shafi-shafi kamar waɗannan nasa, na jarumta ko na ban dariya, in nema masa? In kuma sai dai na rubutu zalla, wanne ya dace ya bi bayan Gandoki? Mahaifiyarsa ta ce in tattara na Turancin in kulle a akwati har sai ya iya karatun Hausa. Zuciyata ba ta kwanta da haka ba, amma ban ƙi jin ta bakinku ba.

Hajiya Mai Alli, Idi-Araba

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya raya Habibu. Shekara 27 na yi ina koyar da Hausa kafin in aje alli in biyo 'ya'yana Legas, saboda haka bari in fara da maganar maman yaro. Ka ba ta haƙuri, kada a kulle. Yaron da aka ƙwace wa abin da yake so aka miƙa masa Hausa a madadinsa, Hausar zai ɗauka a matsayin horo. Na ga irinsu da yawa a aji.

Da ni ce, Ruwan Bagaja zan sa a gaba yanzu. Na Alhaji Abubakar Imam ne, ƙanin shi Bello Kagaran, kuma gasa ɗaya suka shiga. Ka ga ma ribar da za ka ci, shi ma a Kwantagora aka buɗe labarin. Dalilina shi ne dariya. Gandoki yana da nauyin kalmomin yaƙi, shi ko wannan rabinsa duk sharrin da Alhaji Imam, tauraron labarin, da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe ke ƙulla wa juna ne daga gari zuwa gari, yau wannan ya sa an yi wa wancan duka, gobe wancan ya rama. Akwai wurin da na tabbata zai kama yaro mai zane. Alhaji Imam ya shiga wani ƙauye yana malanta alhali ba karatun, Zurƙe ya zo zai tona shi. Sai Imam ya ja wani lanƙwasasshen layi a ƙasa ya ce a faɗa masa mene ne. Zurƙe, da yake ya yi karatu, ya kira sunan harafi. Imam ya juya ga mutanen gari ya ce su duba da kyau, ashe wannan ba jinjirin wata ba ne? Kowa ya ce shi ne, aka yi wa mai ilimin ature. Duk ajin da na karanta wa wannan wuri sai na jira sun gama dariya kafin in ci gaba.

Bayansa ka nemi Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a 1951. A nan nake so ka kwantar da hankalinka game da matsattsen wandon. Asalin Iliya jarumin tatsuniyoyin Rasha ne. Birnin Kib da ke cikin littafin Kiyef ne, Sarki Waldima kuma Biladimir. Amma yaran da na koyar ba wanda ya taɓa zargin baƙo ne, don an naɗa masa rawani an ɗora shi a kan doki irin namu. Haka Magana Jari Ce, littafi uku da suka fara fitowa a 1937. Labaran da aku ke bayarwa a ciki, wasu daga Larabawa aka ɗebo, wasu daga Indiya, wasu daga Jamus, Imam ya yi musu wanka ya sa musu tufafin Hausa. Wato marubutanmu na farko sun ɗauko baƙo sun sa masa rigarmu. Ɗanka ya ɗauko namu ya sa masa rigar baƙi. Hannun ɗaya ne, kayan sawar ne ba shi da su, kuma Allah ya sa ubansa tela ne.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa ka dakata da shi tukuna. Labarin bauta ne, an sace yaro an ƙetara Sahara da shi, uwa ta bi sawunsa tana wahala. Ni sai yaro ya kai 14 nake ba shi. Amma ba laifi wata Asabar ku hau mota ku je Dandalin Tafawa Balewa, ka nuna masa wurin ka ce mutumin da aka sa wa filin nan sunansa, Firayim Ministan farko, malamin makaranta ne da ya rubuta littafin labari da Hausa tun kafin ya shiga siyasa. Yaran Legas suna wuce wurin kullum ba wanda ya gaya musu. In kuma ya nuna son abin sararin sama, akwai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, 1969.

Dabara ɗaya zan ƙara maka. Kada ka riƙa kai masa ƙarshen babi. Ka karanta har inda zance ya yi daɗi, ka ce barci kake ji, ka bar littafin a inda hannunsa zai kai. Kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, ba na man fetur ba, shi ne ya buga duk waɗannan, ka sa masu zuwa Kano ko Zariya su duba maka.

Direban Tanka, Apapa

Maigida sannu da ƙoƙari. Hajiya ta gama magana, ni nawa ɗan ƙari ne daga wanda bai yi boko mai nisa ba.

A aji huɗu na bar firamare. Karatun Hausar da na iya yau, littattafan yaƙi ne suka koya min, irin na su Abdul'aziz Sani Madakin Gini. Ina yaron mota a lokacin, sai in sayi na ɗaya, a katse labarin daidai an zare takobi, dole in nemi na biyu. Ba malamin da ya tsaya a kaina, son in ji yadda za ta kaya ne ya ja ni. Yanzu ma in muna layin lodi, wani lokaci kwana uku ko huɗu mota ba ta motsa ba, waya muke kunnawa a ji masu karanta su a YouTube, mu biyar ko shida a gindin tanka ana shan shayi ana gardamar wane sadauki ya fi wani.

Amma kada ka miƙa wa yaro ɗan shekara 11 kai tsaye. Ka fara saurara da kanka. Akwai sare-sare da jini da matsafa da yawa, wasu wuraren kuma na manya ne.

Abin da ke ci min rai da yawancinsu, kuma ya shafi zancenka, shi ne ba a ƙasarmu ake yin su ba. Kullum Misra, Farisa, birnin Sin, ƙasar Hindu. Ni mutumin Argungu ne. Muna da Kanta, wanda ya tsaya wa Songhai ya kafa Kabi, ga kufan birninsa Surame har yau ganuwar duwatsu tana nan a jihar Sakkwato, ga gidan tarihi da sunansa a garinmu. Wane sadaukin Farisa ne ya fi wannan? Ga rijiyar Kusugu a Daura, ga Barbushe a kan Dala. Duk an bar su a littafin tarihi yara na haddacewa don jarrabawa. In ɗanka zai zana, don Allah ka ce ya zana mana Kanta.

Ina yin lodin Kano wani lokaci. In kana so in duba maka na Hajiya a can, ka yi min magana ta akwatin saƙo.

Dattijon Obalende

Salamu alaikum. Ɗana, na karanta duka, kuma ba zan ɓoye maka ba, na fi kusa da ra'ayin mai ɗakinka, ko da yake ban ce a kulle duka ba.

Tun 1974 nake garin nan. Ina nan Wale Adenuga ya fito da mujallarsa ta zanen barkwanci, Ikebe Super, a 1976, wadda Papa Ajasco ya fito daga cikinta. Kowa na saye, mu ma da muke koyon buroka muna leƙawa. Amma ta manya ce, kuma na ga yadda take faɗawa hannun yara a gidajen haya saboda iyaye sun ɗauka duk abin da ke da zane na yara ne. To wannan kuskuren nake jiye maka. Ka zauna ka buɗe littattafan nan nasa ɗaya bayan ɗaya, shafi-shafi. Ba sai ka iya Turancin ba, ido zai gaya maka. Wanda ka ga shigar banza ko abin da bai dace ba, ka cire shi, ka kuma gaya masa dalili.

Batun aljanu da dodanni bai dame ni ba sosai. Da su aka rene mu. Amma tatsuniyar kaka tana da ƙofa tana da marufi. An ce ga ta nan ga ta nanku, an rufe da ƙurunƙus, har a ƙara da cewa ba don gizo ba da na yi muku ƙarya. Yaro ya san an fita daga wasa an dawo duniya. Hoto kuwa yana zama a kai, ba ya jin ƙurunƙus. Shi ya sa nake so kai ne za ka zama marufin, ka riƙa raba masa: Burmi ta faru, aljanun da Gandoki ya yaƙa ƙirƙira ce, boka kuma ko a labari ya ci nasara, a wajen Allah ya taɓe.

Sannan zanen abu mai rai magana ce da malamai suka yi bayani a kanta, kuma ba bakinsu ɗaya ba. Ka je wurin malamin da kake ɗaukar karatu ka tambaya, kada ka ɗauki fatawa a nan. Abin da ba a saɓa a kai ba, ka ja masa layi tun yanzu: ba a zana Annabawa, ba a zana Sahabbai.

Maƙwabtanmu Yarabawa suna da Fagunwa, wanda ya fitar da labarin maharbi a dajin aljanu tun 1938, Wole Soyinka ya mai da shi Turanci a 1968. Tsararrakina a cikinsu ba wanda bai karanta shi a makaranta ba, kuma har yau suna alfahari da shi. Ba su fi mu abin bayarwa ba.

'Yar Zane, Yaba

Baba ina wuni. Na karanta saƙonka sau biyu saboda ni ce Habibu shekara 15 da suka wuce. A Agege aka haife ni, iyayena Kanawa, kuma Sarauniya Amina ta farko da na zana sai da na sa mata sulke irin na sojan Rum. Yanzu zane ne sana'ata, ina yi wa kamfanoni tallace-tallace, da dare kuma ina fama da nawa labarin.

Kan tambayarka ta farko, ga abin da idona ya gani. Akwai taron masu littattafan zane da ake yi a Legas, Lagos Comic Con, tun 2012 aka fara. Ina zuwa, ina bin tebur-tebur. Abin da nake tararwa Turanci ne, da ɗan Yarbanci ko buroka a bakin wasu taurarin. Kamfanin Comic Republic da Jide Martin ya kafa a nan a 2013 yana sa nasa a intanet a karanta kyauta. Roye Okupe kuma ya yi Malika, jaruma sarauniya wadda ya gina a kan Amina ta Zazzau, ko da yake ƙasar da ke ciki ƙirƙirarriya ce kuma da Turanci yake. Ka duba masa wannan, bayan ka bi shawarar Baba na Obalende ka fara buɗewa da kanka. Aƙalla zai ga baƙar fata a kan doki da rawani a cikin irin littafin da yake ƙauna.

Wanda ya fi koya min aiki shi ne Asterix na Faransa, da aka fara a 1959. Labarin wani ƙaramin ƙauye ne da ya gagari rundunar Rum shekara 50 kafin haihuwar Annabi Isa. Tarihi ne, da maganin ƙarfi na almara, da dariya, duk a tukunya ɗaya, an kuma fassara shi zuwa harsuna fiye da 100. Akwai cin naman aladen daji da bokan ƙauye a ciki, sai ka yi wa yaro bayani. Abin lura shi ne mai zanen ya san kwalkwalin sojan Rum, ya san garkuwarsa da tantinsa, shi ya sa wasan ya zauna. Gandoki da Ruwan Bagaja in an haɗa su, ai wannan tukunyar ce, mu ma muna da ita tun kafin su.

Don haka abin da Habibu ke buƙata kafin littafi shi ne abin kallo. Ka sa 'yan'uwa su turo hotuna da bidiyon hawan salla, musamman 'yan lifida, a ga yadda rigar audugar ke rufe doki da mahayi. A ɗauko masa zaure, soro, rumbu, ƙofar gari, kakaki da tambari. Wanda ke Kano ya shiga Gidan Makama ya ɗauko masa kayan yaƙin da ke ciki. Ya buɗe littafi guda na kwafe-kwafe kawai, yau takobi da kube, gobe sirdi da linzami. Ni sai da na zana doki ya fi sau ɗari kafin ƙafafun baya su daina kama da na akuya.

Wani abin da zai ja shi cikin Hausa ba tare da ya sani ba shi ne amo. Littafin zane ba ya tafiya sai da ƙarar abubuwa a rubuce da manyan haruffa, kuma a nan harshenmu ya yi zarra. Mutum ya faɗi tim. Ya faɗa ruwa tsulum. Ya cafe caraf. Ya tashi wuf. Ƙofa ta bugu garam. Ka sa shi ya riƙa tambayar mamansa wane amo abu kaza ke yi, ya rubuta da hannunsa.

Da hannunsa na ce, saboda yawancin salon haruffan kwamfuta da ake yi wa littattafan zane ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Ka buga kalma sai ka ga ɗan akwati a wurin harafin. Na taɓa kai aiki wurin wani mai buga littattafai a Shomolu, da na je karɓa na tarar an cire duk ƙugiyoyin don injinsa ya ƙi su, kwafi 50 suka tashi a banza. Tun ranar nake zana haruffana da kaina.

Abu na ƙarshe, in abin ya girma har ya kai ga sayarwa, Gandoki da Ruwan Bagaja suna da masu haƙƙi, sai an nemi izini. A gida dai ya zana abinsa. Gizo da Ƙoƙi, Bayajida, Amina da Kantan da direba ke roƙo, waɗannan na kowa ne.

Baban Habibu, Agege

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru kwana 12 ne don ina so in dawo da labari, ba godiya kaɗai ba.

Baba na Obalende, na bi maganarka. Na zauna da littattafansa 23 ranar Juma'a bayan an sauko, na cire 4, na nuna masa shafukan da suka sa na cire. Ya ɓata rai kwana ɗaya ya huce. Na kuma je wurin malaminmu, ya yi min bayani mai tsawo, ya ce abin da yaro ke yi don koyo a takarda da sauƙi a wurinsa, ya ja min iyakokin da ka ja. Mamansa ta yarda a bar sauran a waje.

Hajiya, dabararki ta ci. Wani abokin sana'ata ɗan Zariya yana da Ruwan Bagaja, na aro. Na tsaya daidai inda aka ja layi a ƙasa na ce barci nake ji. Da asuba na tarar da shi a bakin ƙofa inda haske ke shigowa, yatsa a kan layi, leɓe na motsi. Shafi ɗaya da rabi ya ci shi kusan awa guda, amma ya kai inda aka kori Zurƙe, na ji dariyarsa daga banɗaki.

Ya zana wurin, gida shida a kwali ɗaya. A gida na biyar Zurƙe ya ɗaga hannu yana ihu, Habibu ya rubuta masa a cikin zagayen: karya ne! Mamansa ta karanta ta ce wace karya, ta gidan wa? Ya tsaya yana kallonta. Ta faɗa masa kalmomin biyu a hankali, karya da ƙarya, ya maimaita, ya ɗauki biro ya lanƙwasa wa harafin kai da kansa. Shekara biyu ina fama da shi a kan ƙugiyar nan.

'Yar Zane, 'yata, wuri ɗaya na ɗan saɓa miki. Ban jira hotuna daga gida ba, don na tuna kayan kallon suna rataye a shagona. Na shimfiɗa masa babbar riga a kan tebur na nuna masa aska takwas, na nuna masa yadda nake fitar da zanen a kan yadi kafin allura ta taɓa shi. Bai taɓa lura cewa ni ma zane nake yi ba. Yanzu Alhaji Imam ɗinsa da riga mai aska yake yawo, Zurƙe kuma da 'yar shara da hula haɓar kada. Na naɗa rawani a gabansa sau uku yana bin hannuna da fensir.

Dokin ne har yanzu bai samu ba, nan kam ba ni da abin nunawa. In akwai mai hoton ɗan lifida da aka ɗauka daga gefe, wanda ƙafafun dokin suka fito duka har kofato, don Allah ya sa mana a nan. Direba, na aika maka saƙo, Iliya nake so da Magana Jari Ce na ɗaya. Na ba shi labarin Kanta iya abin da na sani, ya tambaye ni ganuwar Surame tsayinta ya kai gadar Pen Cinema ko bai kai ba. In ka je gida ka tsaya a jikinta a ɗauke ka hoto, ya gani da idonsa.